Wutsiyar Kaset ɗin Jibirilla

Kaset ɗin ya bi hannu uku kafin ya iso Gure. Daga Sabha wani shofer mai jan kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo shi Agadas, daga can wani ɗan kasuwa ya sauko da shi Damagaram, sannan wata mata da ta je a duba mata ido ta ƙaraso da shi ɗaure a bakin zane. An naɗe shi cikin leda, an rubuta sunan Jibirilla da ajami a bayansa. Shekararsa ta biyu ke nan a Libiya yana yi wa wani Balarabe aikin lambu. Aikin da ya baro a kwarinsu na gida, ban ruwa da hawan dabino, shi ya je ya tarar, illa dai can inji ke jan ruwan.

A shekarun nan, wanda ya yi nisa ba ya neman mai rubuta masa wasiƙa. Manyeto, wato rakoda, yake ara, ya sa kaset, ya zauna ya yi magana da gida. Maganar kuma tana da tsarinta, kowa ya san shi. Ana farawa da sunan Allah, a gai da liman da mai unguwa, a gai da iyaye da yayye, a bi maƙwabta gida gida, a sauko kan yara, a tambayi dabbobi. Matar mutum ita ce ta ƙarshe, bayan awaki. Ba raini ba ne. Gida duka ke sauraro, surukai na zaune, babu namijin da zai buɗe baki ya fara da matarsa. Ko an zo kanta ma ba a kama suna, sai a ce uwar wance, a yi kalma biyu a rufe.

Bayan la'asar aka baza tabarmi a tsakar gida. Biba, yayar Jibirilla, ita ce babba tun rasuwar tsohuwarsu, don haka ita ta rungume manyeton a cinya. Lailatu, matarsa, tana can gefe tana gyaran zogale.

Murya ta fito tas. Jibirilla mutum ne mai doguwar gaisuwa, in ya tare ka a hanya sai ka sauya ƙafa sau biyu kafin ya sake ka. Ya gai da liman, ya gai da na'ibi, ya gai da ladan ya tambayi tarinsa. Ya gai da Biba har sau biyu. Mutum arba'in da wani abu ya lissafa. Da ya iso maƙwabtan bakin rijiya sai muryar ta fara sirancewa. Da ya zo kan yara ta koma ta mace. Wajen dabbobi kuwa ta zama ta mai gudu da magana, ba a kama komai, daga nan sai tsit-tsit-tsit kamar an taka jaba. Haka ta yi ta tsiwa na ɗan lokaci, sai shiru.

Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Ibram mai gyaran rediyo, wanda ya shigo karɓar tasa gaisuwar, ya ce pil ne, wato batir, ya mutu wa Jibirilla yana cikin ɗauka. Zaren ya riƙa tafiya a hankali can, shi ya sa da ya samu manyeto mai ƙarfi nan yake gudu.

"Halinsa ne," in ji Biba. "Tsohon pil ya shanya a rana, ya cije shi da haƙori, ya ce ya zama sabo. Libiya ba ta sauya shi ba." Ta juya wajen Lailatu. "Uwar Zaituna, ga rabonki. Jaba ta gaishe ki."

"Ina amsawa," Lailatu ta ce, ita ma tana dariya. A ranta ta ce in ya dawo ta tambaye shi.

Mako bakwai bayan haka maza uku suka yi sallama a ƙofar gida da hantsi, suka ce a kira musu Biba. Jibirilla ya rasu, zazzaɓi ne na kwana huɗu. An riga an binne shi can.

Lailatu ta yi takaba ta fita. Zaituna, 'yarsu guda, ta koma gidan mijinta a Gamu. Lailatu kuma ta koma damun furarta. Mutane suka ce ta yi haƙuri da kyau, ba ta musa musu ba. Abu guda ne ya tsaya mata a rai, wutsiyar kaset ɗin nan. Ta auna ta da numfashi, ta kai numfashi goma. In a guje ma ta yi wannan tsawon, to a tafiyar Jibirilla magana ce mai yawa, ba kalma biyun da aka saba ba. Me zai ce mata mai tsawo haka?

Ta gwada tata dabarar. Ta lura in pil ɗin manyetonsu ya yi sanyi, tsiwar tana ɗan sauka. Sai ta shiga tara matattun pil daga maƙwabta, tana sawa da hantsi in gida ya watse. Wani lokaci takan ji kamar kalma za ta fito, sai manyeton ya yi nishi ya tsaya. Rannan ya tauna zaren. Ibram ya warware shi da tsinke, ya manne da jan farce, ya ce, "Uwar Zaituna, zaren nan ya gaji. In ya sake tsinkewa a wurin nan, ni ma ba ni da abin yi." Ta naɗe kaset ɗin cikin tsohon ɗankwali ta sa shi ƙasan kwalla. Ya fi shekara a can.

A shekarar 1999 tana kai fura biro, wato ofishin wani furoje, shirin da ke dashen itatuwa, yana kafe tuddan rairayi don kada su binne kwaruruka. A biron akwai wani ma'aikaci, Mushe Sahabi, Ba'are daga Dogonduci, siriri mai tabarau. Aikinsa shi ne ya ɗauko maganar manoma da Hausa da Barbarci, ya gyara, a raba kaset-kaset ƙauyuka, wata kuma ya matse ta ta shiga disket a aika Yamai. Shi kaɗai ke taɓa ordinatar, na'urar nan mai gilashi kamar tele, wato talabijin, wadda ake lulluɓewa da tsohon zanen gado in an tashi aiki.

Wata rana tana tsugune a baranda tana dama masa, sai ta ji ta taga wani dattijo yana bayanin yadda ake kafa darni a kan tudu, murya lafiya lau. Can sai dattijon ya koma tsit-tsit-tsit. Ludayi ya tsaya a hannunta. Ta ji Sahabi ya yi tsaki, ya ƙwanƙwasa wani abu, sai ga dattijo ya dawo mutum.

Ba ta taɓa wuce barandar ba. Ranar ta tuɓe takalmi ta shiga da ƙwaryar a hannu.

"Mushe, wannan tsohon da ya zama jaba, yaya ka yi ka maido shi?"

Sahabi ya ɗaga tabarau. "Kuskure na yi, mai fura. Lamba na rubuta ba daidai ba, na gyara."

"In wani ne ya yi kuskuren, ba kai ba, yana gyaruwa?"

"Wane ne wanin?"

"Mai gidana. Ya rasu."

Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa, ta ba shi labarin pil. Ya saurara yana shan furarsa a tsaye. Da ta gama ya ce bai taɓa yin irinsa ba, kuma ba zai yi mata alkawari ba, amma ta kawo gobe da safe su gwada tun gurup, injin wutar biron, yana aiki.

Biba ta ji labari kafin magariba. Ta ce babu inda matar ƙanenta za ta zauna ɗaki da baƙon namiji ita kaɗai. Ban da haka ma, ta tabbata akwai saƙonta a wutsiyar nan. "Sau biyu ya gaishe ni a farko. Ba zai rufe bai ƙara ba."

Uwar su Biba 'yar Manga ce, wato jinin Barebari, tsakanin Barebari da Arawa kuwa wasa ne tun kakanni. Washegari tun daga bakin ƙofar biron Biba ta ji harshen Sahabi ta gane shi.

"Ashe bawana ne. Wa ya ba Ba'are kayan nan? Za ka ɓata musu."

"Sannu da zuwa, Gwaggo. Zauna nesa kaɗan, na'urar ba ta saba da Barebari ba, kar ta firgita."

"Ta ji 'wanga, wanga' ɗinku ba ta mutu ba, ai babu abin da zai kashe ta."

Sahabi ya karɓi kaset ɗin da hannu biyu, ya duba inda aka manne, ya ce sau ɗaya tak zai juya shi. Ya sa shi a manyeton biro, ya ja wata 'yar waya daga manyeton zuwa bayan na'urar. Aka sake jin gaisuwar tun daga liman har jaba. Lailatu ba ta saki numfashi sosai ba sai da zaren ya wuce mannin lafiya. Ya fitar da kaset ɗin ya miƙa mata.

"Mayar da shi ɗankwali, ya gama aikinsa. Maganar tana nan ciki yanzu. Ko sau dubu muka juya ta ba ta tsinkewa."

Daga nan gilashin ya koma baƙi ƙirin, babu hoto babu komai, sai wani ɗan farin ɗigo yana ƙiftawa a kusurwa. Sahabi ya jawo wani littafi mai maiƙo da wani Bature ɗan Beljik ya bar masa, cike da layukan rubutu, kowane aiki da layinsa. Sai ya kwafa harafi harafi da yatsa biyu, ya bugi wani babban maɓalli, na'urar ta yi ta ƙurƙur a cikinta. In ya tsallake ko ɗigo guda, sai ta mayar masa da layi ɗaya ta tsaya.

"Me ta ce?" in ji Biba.

"Ta ce ba ta san wanga umarni ba."

"Kai ne dai ba ta sani ba."

Ya yi musu bayani daidai gwargwado. Maganar da ta shiga ciki, in ji shi, tana zaune cikin wani irin mazubi da ake kira waf. A bakin mazubin akwai 'yar alama da ke gaya wa na'ura da wane sauri za ta karanta. Shi zai juye maganar cikin wani mazubi marar alama, sannan ya rubuta tasa lambar, ƙarama, ya sake juye ta cikin waf. Na'urar ba ta da wayo, abin da aka gaya mata take bi.

Lailatu ta gane wannan. Nono ɗaya ne, ko a ƙwarya ko a gora.

"Wato ƙarya za ka yi mata," ta ce.

"Pil ɗin mai gidanki ya fara yin ƙaryar. Ni warwarewa nike."

Sai dai pil ɗin bai mutu lokaci guda ba, a hankali ya riƙa mutuwa, don haka lamba ɗaya ba za ta isa ba. Sahabi ya yanka wutsiyar gunduwa tara kamar mahauci, kowace da lambar da za ta dace da ita. Kuma shi bai taɓa ganin Jibirilla ba, bai san inda zai tsaya ba. A gunduwar farko ya raba lambar biyu, daga dubu ashirin da biyu ya rubuta dubu goma sha ɗaya. Murya ta fito kamar daga ƙasan rijiya, mai kauri irin ta bajimi, kowace kalma tana jan ƙafa.

Biba ta dafa ƙirji. "Shi ne. Muryar babanmu ce sak. Bar ta haka."

"Yaya Biba, wannan ba shi ba ne."

"Ni na goya shi."

"Kin goya shi, amma bai taɓa magana kamar alƙali ba. Muryarsa tana da ɗan hanci, kuma in ya ce 'lafiya' yakan haɗiye ƙarshenta."

"A bar mamaci da kwarjininsa mana."

"Ni dai nawa nake so. Mushe, ƙara mata sauri."

Sahabi ya ƙara. Ya sake ƙarawa. A dubu goma sha tara Lailatu ta ɗaga hannu, ga Jibirilla nan yana tambayar ko an gyara gugar rijiyar unguwa, da ɗan hancinsa da komai. Biba ta ja gefen mayafi ta goge hanci, ta ce fankar biron nan tana sa mutum mura.

Kwana uku suna zuwa. Na'urar ba ta da hanzari, kowace gunduwa sai an jira ta, ga aikin furoje da Sahabi ke sakawa a tsakani. Biba ta mayar da biron ɗakinta. Ta zo da goro, ta zo da saƙar faifai, ta gaya wa Sahabi ramarsa ta yi yawa, in ya yarda ya zama bawa na kirki za ta samo masa mata 'yar Manga mai iya girki. Direkta ya leƙo sau ɗaya, ya ji murya tana tambayar lafiyar tumaki da yawan ciyawa, ya gyaɗa kai ya ce madalla, irin wannan shaida ta makiyaya ake so a Yamai. Babu wanda ya gyara masa.

A gunduwa ta bakwai Biba ta samu gaisuwarta ta uku. Jibirilla ya ce a gaya wa Yaya ta daina ba da aron jakinsa ga duk wanda ya yi mata murmushi, tun kafin ya taso bayan jakin ya fara gyambo.

"Wannan gunduwar ba ta gyaru ba," in ji Biba. "Sake."

"Ta gyaru, Gwaggo. Ko in ƙara mata ƙarfi ki ji da kyau?"

"Allah ya ƙara maka rama."

Ta takwas ta ƙare da jar akuya da 'ya'yanta. Saura ɗaya.

Ranar ta uku Lailatu ba ta dama fura ba. Ta zauna a bakin kujerar ƙarfe, hannuwa a cinya. Sahabi ya rubuta layinsa, ya kintaci lamba, ya buga babban maɓallin. Muryar ta fito da sauri har yanzu, amma ana ganewa.

"To, saura ke."

Ba "uwar Zaituna" ya ce ba. Kuma ba da muryar gaisuwa ya faɗa ba, ƙasa-ƙasa ya yi, irin ta cikin ɗaki. Sahabi ya kai hannu ya murɗe sautin kafin kalma ta gaba ta fito.

"Me ya sa ka kashe?" in ji Biba.

"Wanga ba namu ba ne, Gwaggo."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da abin sauraro mai kunnuwa biyu, ya soka wayarsa a na'urar, ya miƙa wa Lailatu. Ta ɗora shi a kan ɗankwali. Ya ce ƙarƙashi ake sawa. Ta juya baya ta gyara.

"Ni ba zan ji ba yanzu," ya ce. "Ke ce kunnena. In ta yi sauri ki yi ƙasa da hannu, in ta yi nauyi ki yi sama. Kalmomin farkon nan kawai zan riƙa sa miki har mu dace."

Haka aka yi. Ya rubuta, ta saurara, ta yi ƙasa da hannu. Ya duba littafi, ya rage, ta sake yin ƙasa. Ya rage da yawa, ta yi sama. Ƙarar maɓallai kawai ake ji da ta Biba tana tauna goro. A karo na bakwai hannun Lailatu ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sahabi ya rubuta lambar a gefen littafin, ya juye gunduwar duka, ya sake ta. Sannan ya juya kujerarsa ya ƙura wa taswirar bango ido, kamar yau ya fara ganin inda garin Bune yake.

"To, saura ke," in ji Jibirilla a cikin kunnenta. "Ga fitilar manyeton tana lumshewa, zaren ma da ƙyar yake juyawa. Na san wannan ba zai kama ba, shi ya sa zan faɗa. Lailatu." Ya yi ɗan tari. "Lailatu. Ashe sunan ba shi da nauyi a baki. Shekara goma sha tara ina kewaye shi. To, nan abinci taliya ce safe da yamma. Na gwada tuƙa tuwo ya fito kamar kwaɓin gini, mutanen ɗakinmu sun hana ni taɓa tukunya. Kuma nan babu mai yi mini faɗa in na shigo da laka a ƙafa. Rannan da gangan na shigo da ita, na tsaya tsakar ɗaki ina jira, shiru. Kunnenki na hagu, na san har yanzu man gyaɗa kike ɗura masa. Ki daina, ki je likita. In an sare dabino bana, na bakin rijiyar nan mai zaƙi, ki ɗebar mini..."

A nan pil ɗin ya ƙarasa mutuwa.

Lailatu ta zauna yadda take. Ruwa na bin fuskarta har wuya, kafaɗunta kuma suna rawa, Biba ta kasa gane kuka ne ko dariya. Duka biyun ne. Can ta zame kunne guda na abin sauraron.

"To, me ya ce?" in ji Biba.

"Ya ce in je likita a duba mini kunne."

"Shi ke nan? Kwana uku muna sintiri cikin rana saboda kunne?"

"Ya ce kuma bai iya tuwo ba."

"Wannan ai ba sai na'ura ta faɗa ba. Ruwan zafi ma bai iya ba." Biba ta tsaya tana kallon fuskar matar ƙanenta. Sai ta shiga tattara faifanta.

Sahabi ya juyo, yana magana yana kallon maɓallansa. Ya ce gobe zai haɗa gunduwa takwas da farkon gaisuwar ya zuba a sabon kaset, na gida duka. Ta tara kuma zai sa ta ita kaɗai a wani kaset. Zai kuma matse ta cikin wani ƙaramin mazubi da ake kira em-pe-turwa, ta shiga disket, ta ajiye, ko da kaset ya sake gajiya wata rana.

"Sai gobe?" Lailatu ta ce.

Ya dube ta, ya dubi littafin. Ya buɗe wani shafi can baya, ya kwafa layi biyu, ya gwada, ya gyaɗa kai.

"Matso, Uwar Zaituna. Kin ga wanga harafi mai kama da fartanya a tsaye? Shi ne na farkon sunanki a boko. Na ɗaure maganar a jikinsa. Ki taɓa shi sau ɗaya, sannan ki bugi babban nan. Duk sadda kika yi haka, za ta sake faɗa miki."

"In na ɓata fa?"

"Ba ta ɓaci a hannun Ba'are ba," in ji Biba daga bakin ƙofa. "Tashi, bawana, ka raka ni inuwa. Ka zo ka gaya mini me ake ci a garinku da ya hana ku ƙiba."

Suka fita, Biba ta jawo ƙofar da kanta.

Lailatu ta matso da kujerar. Ba ta taɓa shiga lakwal ta yi boko ba, maɓallan kuma sun yi mata yawa kamar tsaba a faifai. Ta goge yatsa a zane, ta taɓa, ta buga babban. Na'urar ta rubuto layi ɗaya ta tsaya, babu murya. Na kusa da shi ta taɓa. Ta ja hannu baya, ta jira ko wani abu zai lalace. Babu abin da ya faru, ɗan farin ɗigon yana nan yana ƙiftawa a sabon layi. Ta mayar da abin sauraron kunnuwa biyu, ta sunkuya sosai, ta bi maɓallan ɗaya ɗaya har ta ga fartanyar. Ta taɓa, ta buga.

"To, saura ke," in ji Jibirilla.

"Ina jin ka," ta ce.